Sararin Samaniyar da Aka Haramta wa Jirage: Tambayoyi da Amsoshi kan Dokoki da Hukunci

A da, maganar inda jirgi zai bi da inda ba zai bi ba ta matuƙa ce da sojoji da ma'aikatan filin jirgi. Yanzu da ƙananan jirage marasa matuƙa suka shiga hannun masu ɗaukar hoto, 'yan jarida, manoma, masu awon filaye, har da yara, ta zama maganar kowa. Duk wanda ya riƙe na'urar sarrafa irin wannan jirgi, a wajen doka matuƙi ne, kuma nauyin da ke kan matuƙi ya hau kansa, ko ya sani ko bai sani ba.

Wai sama ma tana da mai ita ne?

Ƙwarai kuwa. A ranar 7 ga Disamba, 1944, aka rattaba hannu kan Yarjejeniyar Chicago, wadda ita ce ginshiƙin dokokin sufurin jiragen sama har gobe. Sashenta na farko ya ce kowace ƙasa tana da cikakken iko, ita kaɗai, a kan sararin samaniyar da ke samanta. Wannan ya haɗa da saman ruwan tekun da ke gaɓarta, wanda a ƙa'ida yake kaiwa kimanin kilomita 22 daga bakin gaɓa. Daga wannan yarjejeniya aka samar da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, wato ICAO, mai hedikwata a Montreal ta Kanada, wadda ƙasashe 193 ke cikinta.

Sashe na 9 ne ya ba ƙasa damar hana jirage ratsa wani yanki saboda buƙatar soja ko tsaron lafiyar jama'a. Amma ya gindaya sharuɗɗa: kada faɗin yankin ya wuce kima har ya takura sufuri ba gaira ba dalili, kada a nuna bambanci tsakanin jiragen ƙasashe, kuma a sanar da sauran ƙasashe da ICAO. Wato haramcin ba abin ɓoyewa ba ne. Ƙasa za ta shelanta, matuƙi kuma zai nema ya karanta.

Mene ne bambancin haramtaccen yanki, taƙaitacce, da mai haɗari?

A taswirar matuƙa kowanne yana da harafinsa da lambarsa.

Mai harafin P haramtacce ne. Ba a shiga, sai jiragen da hukuma ta keɓe. Misalinsa P-56 a birnin Washington, wanda ya lulluɓe fadar White House da ginin majalisar dokokin Amurka, da P-40 a saman Camp David, wurin hutun shugaban ƙasar.

Mai harafin R taƙaitacce ne. Ana iya shiga idan an cika sharaɗi: a wasu sa'o'i, ko a sama da wani tsayi, ko da izinin wanda ke kula da wurin. Yawanci filayen atisayen soja ne inda ake harba manyan bindigogi da makamai masu linzami.

Mai harafin D gargaɗi ne cewa ana wani aiki mai haɗari a wurin a wasu lokuta. A kan samu irinsa a saman babban teku, inda babu ƙasar da ke da ikon hana kowa wucewa, iyakarta ta ce hattara.

Kowane yanki yana da faɗi, yana da inda ya fara daga ƙasa da inda ya tsaya a sama, yana kuma da lokutan aiki. Jirgin fasinja da ke tafiya a tsayin kilomita 11 yana iya ratsa saman wurin da aka haramta wa ƙaramin jirgi ba tare da ya karya doka ba, domin haramcin ya tsaya ƙasa da shi.

Babu shinge babu allo a sama. Ta yaya mutum zai san ya zo iyaka?

Haramci na dindindin yana cikin kundin bayanan jiragen sama da kowace ƙasa ke wallafawa, wanda ake kira AIP, da kuma taswirori. Na wucin gadi yana fitowa ne ta sanarwar da ake kira NOTAM, wadda wajibi ne matuƙi ya duba kafin ya tashi. Girman matsayinta ya fito fili a Janairun 2023, lokacin da kwamfutar da ke rarraba ta a Amurka ta lalace, aka tsayar da tashin jiragen cikin gida a faɗin ƙasar har aka gyara.

Na wucin gadin nan su ne suka fi kama mutane. Wurin da ka saba tashin jirginka jiya lafiya lau, yau yana iya zama haramtacce saboda ziyarar wani shugaba, gobarar daji, babban taro, ko harba roka. A Amurka, duk inda shugaban ƙasa ya je ana zagaye shi da da'ira biyu: ta ciki mai nisan kusan kilomita 18, wadda kusan ba a barin kowa, da ta waje mai kaiwa kusan kilomita 55, wadda ake shiga bisa tsauraran sharuɗɗa. Filayen wasa masu ɗaukar mutum 30,000 zuwa sama su ma ana rufe samansu a lokacin manyan wasanni, kilomita 5.6 ta kowace fuska, har tsayin ƙafa 3,000, daga sa'a ɗaya kafin wasa zuwa sa'a ɗaya bayan an tashi.

Masu jirage marasa matuƙa kuwa, ƙasashe da dama sun tanadar musu manhaja ko taswirar intanet ta hukuma. Ita za a duba, kuma a ranar da za a tashi, ba makon jiya ba.

Waɗanne wurare aka fi hanawa?

Fadar shugabanni, barikin soja, tashoshin nukiliya, matatun mai, gidajen yari, kan iyakoki, da kewayen filayen jirgin sama. Wasu ƙasashen suna ƙarawa da gandun namun daji da wuraren tarihi. Akwai ma na ban mamaki: tun 2003 aka taƙaita shawagi a saman wuraren shaƙatawa na Disney a Florida da California.

Gaskiya ne jirgi ba zai iya wucewa ta saman Ka'aba ba saboda ƙarfin maganaɗisu?

Ba gaskiya ba ne. Jiragen fasinja ba sa ratsa wurin ne saboda hukumomin Saudiyya sun taƙaita hakan, kuma Makka ba ta da filin jirgin fasinja, a Jidda ko Madina galibin maniyyata ke sauka. A lokacin aikin Hajji jirage masu saukar ungulu da marasa matuƙa na hukuma suna shawagi suna lura da cunkoso. Darajar wurin ba ta buƙatar a jingina mata labarin da bai inganta ba.

Ƙasa za ta iya rufe samanta gaba ɗaya?

Za ta iya, kuma an sha yi. Amurka ta yi ranar 11 ga Satumba, 2001. A Afrilun 2010 tokar dutsen da ya yi aman wuta a Iceland ta sa aka rufe yawancin saman Turai, aka soke tashin jirage kusan 100,000. Daga Yunin 2017 zuwa Janairun 2021 Saudiyya, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, Bahrain da Masar sun rufe samansu ga jiragen Qatar. A Fabrairun 2022 Tarayyar Turai ta rufe nata ga jiragen Rasha, Rasha ta rama, abin da ya ƙara wa jiragen Turai masu zuwa Japan da Koriya sa'o'i a hanya. Nijar ta rufe nata a Agustan 2023 bayan juyin mulki. Wani lokacin yanki ɗaya kawai ake rufewa, kamar yadda gwamnatin Najeriya ta hana shawagi a saman jihar Zamfara a Maris ɗin 2021.

Akwai kuma haramcin da ake ƙaƙaba wa ƙasa daga waje da ƙarfin soja, kamar wanda Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya sa wa Libiya da ƙuduri mai lamba 1973 a Maris ɗin 2011. Wannan babin yaƙi ne, ba na dokar sufuri ba.

Idan jirgi ya kutsa inda aka hana, me ke faruwa nan take?

Da farko masu kula da zirga-zirgar jirage za su kira shi ta rediyo su ce ya juya. Mafi yawan lamarin a nan yake ƙarewa, sai dai a ba matuƙin lambar wayar da zai kira bayan ya sauka. Idan bai amsa ba, za a neme shi a tashar gaggawa ta megahaz 121.5. Idan shiru ya ci gaba, sai a tayar da jiragen yaƙi.

Akwai alamomin da duniya ta amince da su domin lokacin da baki bai yi aiki ba. Jirgin yaƙin zai zo gefen hagu, ɗan gaba kaɗan, ya kaɗa fikafikansa, da dare kuma ya riƙa ƙyafta fitilu. Ma'anarsa: an tare ka, biyo ni. Matuƙin da aka tare zai kaɗa nasa fikafikan ya bi. Idan jirgin yaƙin ya sauke tayoyinsa ya ratsa saman wani titin jirgi, yana nufin sauka nan. Idan ya karkace ya yi sama ya rabu da shi, an sallame shi ke nan. Matuƙin da aka tare kuma zai sa lambar gaggawa 7700 a na'urar da ke shaida wa rada ko shi wane ne, sai fa in an umarce shi da wata.

A Mayun 2005 wani ƙaramin jirgi ƙirar Cessna ya ɓata hanya ya doshi tsakiyar Washington. Aka kwashe mutane daga White House da majalisa a guje, jiragen yaƙi suka harba masa wutar gargaɗi kafin ya juya. An soke lasisin matuƙin.

Za a iya harbo jirgin fasinja don ya shiga haramtaccen wuri?

Doka ta ce a'a, amma sai da jini ya zuba kafin a rubuta hakan ƙarara.

Ranar 1 ga Satumba, 1983, jirgin Korean Air Lines mai lamba 007, wanda ya taso daga Anchorage ta Amurka zuwa Seoul, ya kauce daga hanyarsa da ɗaruruwan kilomita ba tare da matuƙansa sun ankara ba, ya shiga sararin Tarayyar Soviet. Jirgin yaƙi ya harbo shi kusa da tsibirin Sakhalin. Mutum 269 suka mutu, ba wanda ya tsira. A 1984 ƙasashen ICAO suka ƙara wa yarjejeniyar wani sashe da ake kira 3 bis, wanda ya ce dole kowace ƙasa ta guji amfani da makami kan jirgin farar hula da ke tafiya a sama, kuma idan za a tare shi kada a jefa rayukan da ke ciki cikin haɗari. Ƙasa tana da ikon tilasta masa sauka, nan ikonta ya tsaya. Sai a 1998 sashen ya fara aiki. Bayan wannan musiba ne kuma Shugaba Ronald Reagan ya sanar cewa za a buɗe wa farar hula tsarin GPS, mai nuna wa mutum ainihin inda yake ta tauraron ɗan Adam, idan an kammala shi.

Akwai ɗaya gefen maganar da ba a cika faɗa ba, kuma a ganina shi ya fi ciwo: ƙasar da ya kamata ta rufe samanta ta ƙi rufewa. Ranar 17 ga Yuli, 2014, an harbo jirgin Malaysia Airlines mai lamba MH17 a gabashin Ukraine, mutum 298 suka halaka. An rufe yankin ne har tsayin ƙafa 32,000, jirgin kuma yana ƙafa 33,000, wato bai karya wata doka ba. Hukumar binciken haɗurra ta Holan ta ce akwai isassun dalilan da za su sa a rufe wurin gaba ɗaya. Ranar 8 ga Janairu, 2020, dakarun Iran suka harbo jirgin Ukraine mai lamba PS752 mintuna kaɗan bayan tashinsa daga Tehran, mutum 176 suka mutu, a daren da ƙasar ta harba makamai kan sansanonin Amurka a Iraƙi ba tare da ta dakatar da jiragen fasinja ba. Waɗannan fasinjoji ba su da hanyar sanin abin da ke ƙarƙashinsu. Amana suka ba hukumomi. Duk mai ganin rufe sama takura ce kawai, ya tuna da su.

Wane hukunci ake yi wa matuƙin da ya karya dokar?

Ya danganta da ƙasa, da wurin da ya shiga, da ko kuskure ne ko ganganci. Mai kuskuren da ya amsa kira ya juya nan take yakan tsira da gargaɗi, ƙarin horo, ko dakatar da lasisi na wani lokaci. Mai sakaci ko maimaici yana iya rasa lasisin ɗungurungum, ga tara. Mai ganganci kuwa kotu ce makomarsa. A Amurka, shiga yankin tsaron ƙasa da gangan yana jawo ɗaurin da zai kai shekara ɗaya da tara.

Shahararren misali shi ne Mathias Rust, matashi ɗan Jamus ta Yamma mai shekara 18, wanda ya tuƙo ƙaramin Cessna daga Helsinki ranar 28 ga Mayu, 1987, ya ratsa duk garkuwar saman Tarayyar Soviet, ya sauka dab da dandalin Red Square a Mosko. An yanke masa shekara huɗu, ya yi kusan wata 14 aka sake shi. Ministan tsaron ƙasar da babban kwamandan tsaron sama duk sun rasa muƙamansu. A Afrilun 2015 kuma wani ma'aikacin gidan waya ya tuƙo ɗan ƙaramin jirginsa ya sauka a harabar majalisar Amurka da wasiƙun ƙorafi ga 'yan majalisa. Ɗaurin kwana 120 ya samu.

Jirgina maras matuƙi ɗan ƙarami ne, a jaka nake sa shi. Shi ma jirgi ne a wajen doka?

Shi ma. Abin ba sabo ba ne: sashe na 8 na Yarjejeniyar Chicago, tun 1944, ya hana jirgi maras matuƙi shawagi a saman wata ƙasa sai da izininta na musamman. Duk haramcin da ya hau kan babban jirgi ya hau kan naka, har da ƙari.

Me ya sa aka hana jirage marasa matuƙa wuce tsayin mita 120?

Saboda ƙa'idar duniya ta hana jirgi mai matuƙi tafiya ƙasa da mita 150 daga doron ƙasa, ko mita 300 a saman gari, in ba tashi ko sauka zai yi ba. Da aka tsayar da marasa matuƙa a mita 120, wato ƙafa 400, sai aka bar tazarar mita 30 tsakani. Tarayyar Turai, Birtaniya da Amurka duk wannan iyaka suke bi. Tazarar ba ta da yawa, kuma jirage masu saukar ungulu na ɗaukar marasa lafiya, na 'yan sanda da na feshin gona sukan sauko ƙasa da haka. Shi ya sa aka ƙara da sharaɗin kada jirginka ya ɓace wa idonka, kuma kai ne za ka kauce wa duk jirgi mai ɗauke da mutane. Matuƙi ba zai hango naka ba sai ya zo kansa.

A Satumbar 2017 wani mutum a New York ya tura jirginsa nisan kusan kilomita 4, inda ba ya ganinsa, a lokacin da aka taƙaita shawagi saboda babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya. Ya yi karo da jirgin soja mai saukar ungulu ƙirar Black Hawk, ya lalata masa farfela. Masu bincike sun gano bai ma san da haramcin ba.

Me ya sa aka fi tsananta maganar filin jirgi?

Lissafi ne mai sauƙi. Jirgin fasinja yana gangarowa ne a kusurwar digiri 3. A nisan kilomita 5 daga bakin titi tsayinsa bai kai mita 300 ba, a kilomita 2 kuwa kimanin mita 120 ne kacal, daidai inda marasa matuƙa ke yawo. Yana kuma gudun kusan mita 70 a daƙiƙa ɗaya, matuƙansa hankalinsu na kan sauka. Jirgi maras matuƙi yana ɗauke da batir mai kama wuta da injina na ƙarfe, waɗanda in suka shiga injin jirgi ko suka daki gilashin gaba ɓarnarsu ta fi ta tsuntsu mai nauyi ɗaya da su.

Ko ba a yi karo ba, hangensa kaɗai ya isa a tsayar da komai. Daga 19 zuwa 21 ga Disamba, 2018, rahotannin ganin jirage marasa matuƙa sun rufe filin jirgin Gatwick na Ingila. Kusan tashi da sauka 1,000 abin ya shafa, da fasinjoji kimanin 140,000, ana dab da Kirsimeti. Har yau ba a gurfanar da kowa ba. A Maris ɗin 2019 Birtaniya ta faɗaɗa yankin haramci zuwa kilomita 5 daga kowane bakin titin jirgi. A Kanada iyakar kilomita 5.6 ce. Kada ka ɗauki adadin wata ƙasa ka yi aiki da shi a wata.

An ce jirgi maras matuƙin da bai kai giram 250 ba babu ruwansa da doka.

An faɗi rabi an bar rabi. A wasu ƙasashe ana ɗauke masa rajista ko jarrabawa, a wasu kuma muddin yana da kyamara sai mai shi ya yi rajista. Amma babu inda aka ɗauke masa dokar haramtaccen yanki. A Janairun 2025, ana tsaka da kashe gobarar Palisades a Los Angeles, wani ƙaramin jirgi maras matuƙi ƙirar kamfanin DJI da bai kai giram 250 ba ya huda fiffiken jirgin kwasar ruwan kashe gobara da aka aro daga Quebec ta Kanada. Jirgin ya yi kwanaki ba ya aiki alhali gidaje na ƙonewa. Mai ƙaramin jirgin ya amsa laifinsa a kotu, ya amince ya biya kuɗin gyara sama da dala 65,000.

To, wane hukunci ke jiran mai jirgi maras matuƙi?

Na farko, ƙwace jirgin da hotunan da ke ciki. Sai tara, sai soke izini, sai ɗauri idan abin ya yi muni. A Amurka dokar 2024 ta ɗaga tarar zuwa dala 75,000 kan kowane laifi guda, kuma tashi ɗaya yana iya ƙunsar laifuka da yawa: rashin rajista, wuce tsayi, shiga yankin filin jirgi, kowanne da lissafinsa. A 2015 hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, ta nemi cin kamfanin ɗaukar hoto na SkyPan tarar dala miliyan 1.9 saboda shawagi ba izini a saman New York da Chicago, daga baya aka daidaita kan dala 200,000. A Birtaniya, jefa jirgin sama cikin haɗari yana kai mutum ɗaurin shekara biyar. A Japan, mutumin da ya sauke jirginsa a rufin ofishin firaminista a 2015 ya samu ɗaurin shekara biyu na jeka-ka-gyara-halinka, ƙasar kuma ta tsaurara dokarta a shekarar.

Abin da ya fi tara ban tsoro shi ne yadda za a fassara niyyarka. Wanda aka kama yana ɗaukar hoton bariki ko tashar wuta daga sama, a ƙasashe da yawa ba dokar sufuri za a karanta masa ba, ta leƙen asiri ko ta'addanci ce. A zamanin da ake kai hari da irin waɗannan jirage, sojan da ke gadi ba shi da lokacin tantance mai ɗaukar hoto daga maƙiyi.

Idan na ce ban sani ba fa?

Zai iya sassauta hukunci, ba zai goge laifi ba. Neman sanin yana cikin aikin da doka ta ɗora maka kafin ka tashi.

Manhajar jirgina ta bar ni na tashi. Ba izini ba ke nan?

Ba izini ba ne. Wasu kamfanoni suna sa wa jiragensu kulle da ke hana su tashi kusa da filin jirgi, amma taswirar kamfani ba ta hukuma ba ce, kuma takan makara wajen nuna haramcin wucin gadi. Kamfanin DJI ma a Janairun 2025 ya cire kullen a Amurka, ya mayar da shi gargaɗi kawai, wanda mai jirgi zai iya dannawa ya wuce. Ranar da aka kama ka, kai za a tuhuma, ba kamfanin ba.

Ta yaya ma za a gane ni ne?

Hanyoyin sun yi yawa. Akwai na'urorin da ke sauraren saƙon da ke tsakanin jirgi da abin sarrafa shi, su nuna inda mai shi yake tsaye. Amurka da Tarayyar Turai sun wajabta wa yawancin jirage su riƙa watsa lambar shaidarsu da wurin da suke, kamar lambar da ke jikin mota. Jirgin da ya faɗi yana ɗauke da lambar kamfani, tarihin tafiye-tafiyensa, da hotuna. Da yawa kuma su ke tona wa kansu asiri, su ɗora bidiyon a YouTube ko Facebook.

Jirgin wani yana shawagi a saman gidana. Zan iya kakkaɓo shi?

Kada ka yi. Ikon mai gida a sama yana da iyaka. A 1946 Kotun Ƙolin Amurka ta saurari ƙarar wani mai kiwon kaji mai suna Causby, wanda jiragen soja ke wucewa ƙafa 83 a saman gonarsa har kajinsa suka riƙa mutuwa don firgita. Kotun ta ba shi gaskiya, amma ta ce mai fili yana da iko ne da saman da zai iya amfani da shi kawai, abin da ya wuce nan hanyar jama'a ce. A Amurka, harbin jirgi kowane iri yana ƙarƙashin dokar da hukuncinta ke kaiwa shekara 20. Ban da haka, harsashin da ya kuskure zai sauka a wani wuri, jirgin da aka harbo zai faɗo kan wani. Na'urar toshe saƙo ita ma haramun ce ga farar hula a yawancin ƙasashe, domin tana iya katse sadarwar da ba ita aka nufa ba.

Wannan ba ya nufin ba ka da haƙƙi. Leƙen cikin gidan mutane da kyamara cin zarafi ne, kuma dokokin kare sirri suna hukunta shi. Ka ɗauki hotonsa, ka rubuta lokaci, ka kai wa 'yan sanda ko hukumar jiragen sama.

Zan yi tafiya ƙasar waje da jirgina. Lasisina zai yi aiki a can?

Galibi ba zai yi ba. Rajista ɗaya tana aiki a duk ƙasashen Tarayyar Turai, amma wannan tsari ne na tsakaninsu. Maroko ta hana shigo da jirage marasa matuƙa ba izini tun 2015, a kwastan ake karɓe su. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta dakatar da masu yi don nishaɗi a Janairun 2022 bayan wani hari da aka kai birnin Abu Dhabi. A Najeriya ana buƙatar amincewar hukumar jiragen sama ta ƙasa, NCAA, da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Ka bincika kafin ka sa shi a jaka.

Aikina yana cikin taƙaitaccen yanki. Akwai hanyar samun izini?

Akwai, kuma ana bayarwa fiye da yadda mutane ke zato. Masu duba gadoji, layukan wuta, har da titin jirgi kansa, da izini suke yi. Za ka rubuta wa hukumar jiragen sama ko mai kula da yankin, ka bayyana wurin daidai, tsayi, rana da sa'a, irin jirgin, shaidar ƙwarewarka, inshora inda ake buƙata, da abin da za ka yi idan saƙo ya katse. Ka nema da wuri, ka karɓa a rubuce, ka riƙe shi a wurin aiki. Izinin mai fili ko mai taro ba ya maye gurbin na hukuma.

Ina cikin tashi sai na gane na shiga inda aka hana, ko na ji ƙarar jirgi na tahowa. Me zan yi?

Ka yi ƙasa da shi nan take, ka sauke a wuri mafi kusa da babu mutane, ko da nesa da kai ne. Kada ka dogara da madannin komawa gida, domin a yawancin jirage sai ya fara hawa sama kafin ya juyo, kuma hanyar da zai bi tana iya ratsa inda kake gudu. Kada ka goge tarihin tafiyar, shi ne zai nuna kuskure ne kuma ka gyara da sauri, gogewa kuwa tana iya zama laifi na biyu. Idan jami'ai sun zo, ka nuna takardunka, ka faɗi abin da ya faru. Idan an yi karo ko an ji wa wani rauni, kai da kanka za ka kai rahoto ga hukumar jiragen sama, cikin wa'adin da dokar ƙasar ta ƙayyade.